Dashen Ɓargo ga Mai Ciwon Daji: Shirin Iyali

Dashen ɓargo hanya ce ta magance wasu nau'o'in ciwon daji na jini, inda ake saka wa marar lafiya ƙwayoyin asali, wato waɗanda jini yake fitowa daga gare su, bayan an kashe nasa da magani mai ƙarfi. Duk da sunan, ba tiyata ba ce. Ƙwayoyin suna shiga ta jijiya kamar ƙarin jini, su nemi hanyarsu da kansu zuwa cikin ƙashi. Likitan Amurka E. Donnall Thomas ne ya buga rahoton gwajin farko a kan mutane a 1957, aikin da ya sa ya sami kyautar Nobel a 1990.

Dashen iri biyu ne. A na farko, ana ɗebo ƙwayoyin marar lafiyar da kansa, a daskarar da su, a mayar masa bayan magani. An fi yin haka ga masu mayeloma, wato ciwon daji na wasu ƙwayoyin ɓargo, da wasu masu limfoma, wato ciwon daji na kaluluwa. A na biyu, daga jikin wani ake ɗebowa, kuma shi aka fi yi wa masu sankarar jini.

Neman mai bayarwa

Nan ne iyali suke fara shiga lamarin. Abin da likitoci ke dubawa ba rukunin jini ba ne, wasu alamomi ne da ake gada daga iyaye, ana kiransu HLA. Kowane shaƙiƙi, uwa ɗaya uba ɗaya, yana da damar kashi 25 cikin 100 ta dacewa gaba ɗaya. Iyaye da 'ya'ya rabi suke dacewa, kuma yanzu ana yin dashe da su. Idan ba a samu a gida ba sai a duba rajistar masu ba da gudummawa, irin ta Anthony Nolan da aka kafa a Landan a 1974, ko a yi amfani da jinin cibiyar jarirai, wanda aka fara dasawa a Faris a 1988.

Mai bayarwa yakan karɓi allura ta kwana huɗu ko biyar don ƙwayoyin su fito cikin jini, sannan na'ura ta tace su cikin 'yan sa'o'i. Ciwon ƙashi ne abin da aka fi kuka da shi. Bai kamata a matsa wa ɗan'uwa lamba ba, kuma idan dashen bai yi nasara ba, laifin ba nasa ba ne. Wannan magana gara a yi ta tun kafin a ɗebi jinin gwaji.

Kafin kwanciya

Ana duba zuciya, huhu, hanta da ƙoda, a kuma gyara haƙori, domin ruɓaɓɓen haƙori kan zama ƙofar cuta idan garkuwar jiki ta faɗi. Ana saka siririn bututu a babbar jijiyar ƙirji don magani da ɗibar jini. Maganin share ɓargo yana iya hana haihuwa, saboda haka zancen ajiye maniyyi ko ƙwai yana zuwa kafin a fara, ba bayan nan ba. Kunya kan sa a tsallake shi, a zo ana nadama.

Mai jinya

Cibiyoyi da yawa ba sa fara dashe sai an tabbatar da wanda zai zauna da marar lafiya dare da rana bayan sallama. Ranar dashen ana kiranta ranar sifili, daga ita ake ƙirga kwanaki. Sabbin ƙwayoyin sukan ɗauki mako biyu zuwa huɗu kafin su kama, kuma a wannan tsakanin bakin marar lafiya yakan yi gyambo har haɗiye miyau ya zama aiki, gashi ya zube, ƙarfi ya ƙare.

Bayan an koma gida, mai jinya ne yake riƙe da jadawalin magunguna, yake auna zafin jiki, yake kai marar lafiya asibiti sau da yawa a mako. Zazzaɓin da ya kai digiri 38 ba a jira da shi gari ya waye. Idan daga wani aka ɗebo ƙwayoyin, suna iya ɗaukar jikin marar lafiya a matsayin baƙo su far masa. Alamun su ne ƙuraje ko jan fata, gudawa, da idanu su yi rawaya. Kwana 100 na farko su ne mafi tsanani. Mutum ɗaya ba ya iya wannan shi kaɗai, don haka ya kyautu a tsara mai karɓarsa tun da wuri, a kuma warware batun hutun aiki, kuɗi da kula da yara.

A gida, ana tsabtace ƙura da funfuna, ana dafa abinci ya dahu sosai, kuma marar lafiya ba ya taɓa ƙasar shuka ko kashin dabbobi. Mai mura ko tari ya haƙura da zuwa dubiya, ya gaishe shi ta waya. Garkuwar jiki takan ɗauki shekara ko fiye kafin ta dawo, kuma rigakafin da aka yi wa mutum tun yana yaro sai an sake shi, yawanci daga wata shida zuwa shekara ɗaya bayan dashen.