Waiwaye: gurbi goma kacal, da asalin rigimar Zauren Gwarazan besbol

Duk watan Janairu sai an yi wannan cacar baki a Amurka, da zarar an faɗi sunayen tsofaffin 'yan wasan besbol da za su shiga Zauren Gwaraza da ke garin Cooperstown a jihar New York. Wasu su ce an yi daidai, wasu su ce an zalunci wane, wasu kuma su ce ai zauren da babu Barry Bonds da Roger Clemens, fitattun 'yan wasa biyu da aka zarga da amfani da ƙwayoyin ƙara kuzari, a cikinsa bai cika zaure ba. A watan Mayun 2025 wutar ta ƙara ruruwa, da aka ce haramcin har abada da ake yi wa mai laifi a besbol yana ƙarewa ne idan mutum ya rasu, abin da ya buɗe ƙofar a sake duba sunan Pete Rose da na Joe Jackson, waɗanda wannan haramcin ya hau kansu. Wanda ya shigo maganar yanzu zai ɗauka duk rigimar ta ƙwayoyin ƙara kuzari ce da caca. Suna ciki, babu musu, amma akwai wani abu can ƙasa da ba a cika kula da shi ba, kuma a ganina shi ya fi cin mutane, wato ita kanta takardar ƙuri'ar da yawan sunayen da take iya ɗauka.

Ga yadda tsarin yake ga wanda bai sani ba. Sai ɗan wasa ya buga kaka goma a babbar gasa, ya yi shekara biyar da ritaya, sannan sunansa zai iya hawa takarda. Masu zaɓe 'yan jarida ne da suka shekara goma a ƙungiyar marubuta labarin besbol. Kafin ka shiga sai ka samu kashi 75 cikin ɗari na ƙuri'u, idan kuwa ka gaza kashi 5 to shi ke nan an cire ka daga takardar gaba ɗaya, ko da shekararka ta farko ce. Sannan mai zaɓe ba zai wuce suna goma ba, ko da a zuciyarsa ya yarda mutum goma sha biyar sun cancanta.

Tarihin da kowa ya sani ba sai an ja shi ba. An yi zaɓen farko a 1936, mutum biyar suka shiga, Ty Cobb da Babe Ruth da Honus Wagner da Christy Mathewson da Walter Johnson, aka buɗe ginin a 1939, kuma tun a wannan zaɓen farkon mutum 11 cikin 226 ba su sa Babe Ruth ba, ka ga ke nan saɓani ba yau farau ba. Akwai badaƙalar sayar da wasan ƙarshe na 1919 da ta sa aka haramta wa 'yan wasan Chicago White Sox takwas wasa, ciki har da Jackson. Akwai dokar da ta ce a duba halin ɗan wasa da amanarsa, ba bajintarsa kaɗai ba. Akwai 'yan wasa baƙaƙen fata da aka hana shiga babbar gasa har 1947, sai a 1971 Satchel Paige ya zama na farko da aka karrama saboda abin da ya yi a gasarsu. Rose mai bugu 4,256, wato bugun ƙwallon da ke kai mai bugawa zango lafiya, wanda babu wanda ya kai shi, an dakatar da shi a 1989 kan caca. Sai zamanin homron, wato bugun da ke fitar da ƙwallo waje da fili: Mark McGwire ya yi 70, Sammy Sosa 66 a 1998, Bonds ya yi 73 a 2001, gwajin ƙwaya mai hukunci bai fara ba sai 2004, rahoton Mitchell, wato na binciken amfani da ƙwaya a besbol, ya fito a Disambar 2007 da sunaye da yawa a ciki. Duk wannan an sha faɗa.

To yanzu mu koma kan gurbi goman nan. Tun 1936 yake, lokacin da ƙungiyoyi 16 ne kacal a babbar gasa, dukansu na fararen fata ne, kuma ba su wuce gabashin ƙasar da tsakiyarta ba. A lokacin goma ta isa har da saura. Amma daga 1961 aka fara ƙara ƙungiyoyi, suka kai 24 a 1969, 26 a 1977, 28 a 1993, 30 a 1998. Baƙaƙen fata sun shigo, 'yan Jamhuriyar Dominika da Benezuwela da Puerto Rico sun shigo, daga baya 'yan Japan, an kuma samu sabbin ayyuka a fili da da can babu su, kamar wanda bugu kawai yake yi ba ya tsaron fili, da mai jifan da ake ajiyewa sai ƙarshen wasa ya zo ya rufe. Yawan gwanaye ya kusa ninkawa, takarda tana nan yadda take. Babu wanda ya zauna ya shirya wannan don ya cuci wani, doka ce da ta dace da zamaninta, wasan ya girma ya bar ta a baya. Kuma an taɓa ganin alamar haka tun da wuri, domin a 1945 da 1946 marubutan sun yi zaɓe babu wanda ya kai kashi 75, saboda manyan sunaye sun taru sun raba ƙuri'a.

Inda abin ya fashe shi ne zaɓen Janairun 2013, kuma a nan nake so mu ɗan daɗe. Abin da mutane suka riƙe game da wannan shekarar shi ne ita ce ta farko ga Bonds da Clemens da Sosa, Clemens ya samu kashi 37.6, Bonds 36.2, kuma babu ko mutum ɗaya da marubuta suka zaɓa, karo na farko tun 1996. Da aka zo bikin shigar da sabbin gwaraza a watan Yuli, waɗanda aka karrama mutum uku ne da wani kwamiti na daban, mai duba waɗanda ba sa cikin takardar marubuta, ya zaɓo, Deacon White da Jacob Ruppert da alƙalin wasa Hank O'Day, dukansu sun fi shekara 70 da rasuwa. An yi ta rubutu a kan wannan. Abin da ba a cika kawowa ba shi ne sauran sunayen da ke kan takardar.

Duba su: Craig Biggio, Jack Morris, Jeff Bagwell, Mike Piazza, Tim Raines, Lee Smith, Edgar Martinez, Alan Trammell, Larry Walker, Fred McGriff. Mutum goma cif, kuma yau dukansu suna cikin zauren, wasu ta hannun marubuta wasu ta hannun kwamiti. Wato a shekarar da aka ce babu wanda ya cancanta, gwaraza goma ne a zaune a takardar, ban da Bonds da Clemens da Curt Schilling da McGwire da Sosa da ake ta gardama a kansu. Biggio da ya zo na ɗaya yana da bugu 3,060, adadin da a da shi kaɗai ya isa ya shigar da mutum, amma ya tsaya a kashi 68.2.

Ka sa kanka a matsayin mai zaɓe a Disambar 2012, lokacin da ake cike takardar wannan zaɓen. Takarda ce shafi ɗaya ta zo maka ta gidan waya, sunaye a jere kowanne da ɗan akwati a gefensa, za ka yi alama ka sa hannu ka mayar kafin ƙarshen wata. Idan kana cikin masu cewa Bonds da Clemens sun cancanta to gurbi biyu sun tafi, saura takwas, ga Biggio ga Bagwell ga Piazza ga Raines ga Schilling ga Edgar ga Trammell ga Walker, ka cike, biro na hannunka kuma har yanzu akwai wanda kake so ba ka sa ba. Idan kuma kana cikin masu cewa ba za ka zaɓi duk wanda aka zarga ba, to su ɗin ba za su kai 75 ba, ba kuma za su faɗi ƙasa da 5 ba, sai su zauna a tsakiya, baɗi su dawo, baɗin baɗaɗa su dawo, suna riƙe da gurbi a takardun waɗanda suka yarda da su. Kamar motar haya ce mai kujera goma da wasu fasinjoji ba su sauka ba, ga sabbi suna ta zuwa tasha, dole a bar wani a ƙasa, kuma wanda ake bari ba mai surutu ba ne.

Wanda aka bari a 2013 shi ne Kenny Lofton, kuma wallahi duk sanda na tuna abin yana taɓa ni. Mai tsaron tsakiyar fili ne, ya fi shahara a Cleveland, kaka 17 ya buga, ya saci zango sau 622, wato ya tsere daga zango zuwa na gaba kafin a ankara, shekara biyar a jere daga 1992 zuwa 1996 babu wanda ya kai shi a wannan a rukuninsu, ya ci kyautar gwanin tsaron fili sau huɗu, bugunsa 2,428. Ban ce lallai sai ya shiga ba, akwai masu ilimin wasan da ke ganin ya ɗan gaza, kuma suna da hujjarsu. Amma mutum ne da ya kamata a shekara ana tattauna shi. Ƙuri'a 18 ya samu cikin 569, kashi 3.2, yana buƙatar 29 don sunansa ya tsaya kawai. Saboda ƙuri'a 11 aka rufe maganarsa a shekarar farko.

A 2014 cunkoson ya ƙaru, domin Greg Maddux da Tom Glavine da Frank Thomas da Mike Mussina da Jeff Kent duk sun hau takarda a kan waɗancan da ba a kwashe ba. Kusan rabin masu zaɓe sun cike gurbi goman kaf. Biggio ya samu 427, ana neman 429, ƙuri'a biyu suka hana shi. Larry Walker kuwa daga kashi 21.6 ya faɗo 10.2, mutumin da ya bar wasa tun 2005, babu abin da ya ƙaru ko ya ragu a tarihinsa, wuri ne kawai babu. A nan ne masu zaɓe suka fara wani lissafi da bai kamata a ce suna yi ba, mutum ya ƙi sa wanda ya san zai shiga ko babu shi, don ya ceci wani da ke bakin kashi 5. Tambayar ta tashi daga wa ya cancanta ta koma wa zan iya ceta bana. A watan Yulin wannan shekarar kuma aka rage wa'adin zama a takarda daga shekara 15 zuwa 10, wanda ya taimaka wajen rage cunkoson gaba, amma ya rage wa masu hawa a hankali lokaci.

Daga nan aka yi ta kwasa, tsakanin 2014 da 2019 marubuta sun zaɓi mutum 20, amma a hanya an zubar da wasu. Carlos Delgado mai homron 473 ya fita a 2015 da kashi 3.8. Jim Edmonds mai kyautar tsaron fili takwas ya fita a 2016 da 2.5. Johan Santana, wanda sau biyu yana cin kyautar gwarzon mai jifa, a 2004 da 2006, ya fita a 2018 da 2.4. Dukansu shekarar farko.

Abin da ya sa nake ganin an yi asara shi ne abin da ya faru da waɗanda suka tsira da ƙyar. Walker ɗin nan da ya faɗo 10.2 ya shiga a 2020 da kashi 76.6, a shekararsa ta ƙarshe. Raines a 2017 da Edgar a 2019 su ma shekarar ƙarshe. Scott Rolen ya fara da 10.2 a 2018, ya shiga a 2023. Billy Wagner ya fara da 10.5 a 2016, ya shiga a 2025 da 82.5. Ashe lokaci kawai mutane ke buƙata su sake duba alƙaluma, su saurari hujja, sabbin masu zaɓe su shigo da sabon ma'auni, musamman yanzu da ake iya auna darajar tsaron fili da gudu fiye da da. Lofton irin ɗan wasan da sabon ma'aunin ya fi ɗagawa ne, sai dai bai samu shekara ta biyu ba balle ta goma. Tun kafin shi ma an yi wa Lou Whitaker haka a 2001 da kashi 2.9, alhali abokin aikinsa a Detroit, Trammell, wanda suka shekara 19 suna wasa gefe da gefe, ya zauna a takarda shekara 15 daga baya kwamiti ya shigar da shi.

Masu kare tsarin suna cewa ai zauren na fitattun fitattu ne, idan aka cire iyaka za a cika shi da na tsaka-tsaki. Damuwarsu ina ganin girmanta, amma kashi 75 ɗin nan shi ne mai gadin ƙofa, mutum uku cikin huɗu sai sun yarda, wannan kaɗai ya isa ya tace. Iyakar goma ba ta tace komai, hana mai zaɓe faɗin abin da ya yarda da shi kawai take yi a shekarar da gwanaye suka yi yawa. Wasu kuma suna cewa ai akwai kwamiti, duk wanda marubuta suka zubar zai iya dawowa ta can, kuma gaskiya ne ya faru, Ted Simmons ya fita a 1994 da kashi 3.7, kwamiti ya zaɓe shi a Disambar 2019. Sai dai a wannan zaman ɗin Whitaker ƙuri'a 6 ya samu cikin 16, ana neman 12.

Kuma cunkoson can ya koma. Bonds da Clemens sun gama shekarunsu goma a 2022 da kashi 66 da 65.2, suka faɗa hannun kwamiti. A Disambar 2022 kwamitin ya zauna, mutum 16, sunaye takwas kacal a takarda, kowa ba zai wuce uku ba. McGriff ya kwashe 16 ɗin duka, Bonds da Clemens kowannensu bai kai huɗu ba, amma sun riƙe biyu daga cikin gurbi takwas ɗin, kuma kwamitin 'yan wasan wannan zamanin sau ɗaya yake zama a shekara uku. Sunan Lofton ko takardar bai hau ba.