Taimakon addini ga waɗanda suka shiga tashin hankali a Zariya

Taimakon addini bayan tashin hankali shi ne duk abin da malamai, limamai, fastoci da jama'ar masallaci ko coci suke yi don rage wa mutum raɗaɗin abin da ya same shi, kamar mutuwar fuju'a, haɗarin mota, gobara, rikici ko garkuwa da mutane. Wanda ya tsira daga irin wannan yakan yi fama da firgita, rashin barci, mugayen mafarkai, faɗuwar gaba da ƙuncin zuciya. A Zariya, zauren malam ne wurin da akasari ake fara kai irin wannan kuka, tun kafin a yi tunanin asibiti.

Garin ya ga jarrabawa iri-iri. A watan Yunin 2012 an kai harin bam a coci-coci a Wusasa da Sabon Gari. A Yulin 2015 wani bam ya tashi a sakatariyar ƙaramar hukumar Sabon Gari, a Disamban shekarar kuma aka yi arangama tsakanin sojoji da mabiya Harkar Musulunci ta Sheikh Ibrahim Zakzaky, inda kwamitin binciken gwamnatin Kaduna ya tabbatar da mutuwar fiye da mutum 300. A ranar 11 ga Agusta 2023 wani sashe na babban masallacin Juma'a na birni ya rufta kan masu sallar la'asar.

Tushensa a Musulunci

Abin da ake fara ɗora wa mai alhini a baki shi ne "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un", daga aya ta 156 ta Suratul Baƙara. Daga nan sai imani da ƙaddara, wanda ke da amfani ƙwarai ga mai zargin kansa, irin uban da yake ta cewa da bai aiki yaron ba da bai mutu ba.

Sai dai mutane da yawa sun ɗauka haƙuri shi ne a haɗiye komai a yi shiru, alhali nassi bai faɗi haka ba. Suratu Yusuf ta nuna Annabi Yaƙub (AS) ya yi baƙin ciki har idanunsa suka yi fari, ya ce ga Allah yake kai kukansa. Annabi (SAW) ya zubar da hawaye a rasuwar ɗansa Ibrahim, ya ce ido na zubar da hawaye, zuciya na baƙin ciki, amma ba ma faɗin abin da ba zai yardar da Ubangiji ba. Shekarar da Nana Khadija da Abu Talib suka rasu ma ana kiranta shekarar baƙin ciki. Malamin da ya karanta wa mai takaba waɗannan ya fi taimakonta a kan wanda zai ce mata kuka rashin tawakkali ne.

Yadda ake yi

Zaman makoki shi ne ginshiƙi. Maza kan shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, mata suna ciki, mai zuwa ya durƙusa ya ce "Ya haƙuri?", a yi addu'a a shafa. Maƙwabta ne ke kawo abinci, bisa umarnin Annabi (SAW) na a dafa wa iyalan sahabinsa Ja'afar lokacin da labarin rasuwarsa ya zo. Amfanin zaman shi ne ba a barin mutum shi kaɗai da tunaninsa a kwanakin farko. Wanda ya yi asara ko ya kuɓuta daga hannun masu garkuwa kuwa jaje ake masa.

Bayan an watse, akan koma ga azkar na safe da yamma, karatun Alƙur'ani, tofi da ruƙiyya. Wasu na karɓar rubutun sha daga malaman zaure, irin na unguwannin Juma da Kona da suka daɗe da suna a karatu. Malamai sun saɓa kan rubutun sha da sadakar bakwai da ta arba'in.

A wajen Kirista, musamman a Wusasa, Sabon Gari da Samaru, fasto da Zumuntar Mata kan ziyarci gidan da addu'a da waƙoƙi, a karanta Zabura da labarin kukan Yesu a kabarin Li'azaru.

Iyakarsa

Idan firgitar ta wuce wata guda tana hana mutum barci, aiki ko shiga jama'a, likitoci na ɗaukarta a matsayin cutar da ke da magani. Kuskuren da ya fi cutarwa shi ne a danganta kowace razana da aljanu, a yi ta yawon ruƙiyya har ciwon ya yi nisa. Wanda ya fara zancen kashe kansa kuwa, gaggawar kai shi asibiti ake yi, kuma ba a barinsa shi kaɗai. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello yana da sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, akwai kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa, Kaduna.