Waiwaye: Yadda aka riƙa bin sawun korona ta hanyar karanta halittarta

A ranar 11 ga Janairun 2020 wani masani a birnin Shanghai, Zhang Yongzhen, ya amince aka ɗora cikakken tsarin halittar sabuwar ƙwayar cutar korona da ta ɓulla a Wuhan ta ƙasar Sin a intanet, kowa ya gani. Haruffa ne kusan 30,000 jere da juna. Da su aka haɗa gwajin gano cutar cikin 'yan kwanaki, da su kuma kamfanin Moderna ya tsara allurar rigakafinsa. Washegarin ɗora haruffan a intanet hukumomi suka rufe ɗakin gwajin mutumin.

Duk sanda ƙwayar cuta ta shiga jikin mutum, kwafar kanta take yi, kuma takan yi kuskure a harafi ɗaya ko biyu. Kamar mai kwafar littafi ne da hannu: idan ya tsallake wasali, duk wanda ya kwafa daga gurinsa zai gaji kuskuren. Masana kan ɗauki majinar hancin majinyaci, na'ura ta karanta haruffan, sai a gwada da na sauran majinyata. Ta haka ake gane wace ƙwaya ce ta haifi wace, daga ina ta taso, kuma ko ta sauya kamar da za ta ƙara mata saurin yaɗuwa ko ta taimake ta ta zille wa garkuwar jiki.

Mu a Arewa mun taɓa cin karo da wannan ilimi tun kafin korona. A watan Agustan 2016 aka samu yara da shan inna a Gwoza da Jere a jihar Borno, bayan shekara biyu ana murna ba a ga cutar a Najeriya ba. Da aka karanta ƙwayar sai aka ga jikanyar wadda aka gani a Borno ce tun 2011. Ashe shekara biyar tana yawo a garuruwan da rikicin Boko Haram ya hana ma'aikatan lafiya shiga. Na'urar ba ta gaza ba, samfur ne bai iso gare ta ba.

Annobar Ebola ta 2014 da zazzaɓin Lassa su suka horar da cibiyar binciken halittar ƙwayoyin cuta ta ACEGID da ke Jami'ar Redeemer's a garin Ede na jihar Osun, ƙarƙashin Farfesa Christian Happi. Shi ya sa da aka tabbatar da korona a jikin wani ɗan Italiya a Legas ranar 27 ga Fabrairun 2020, cikin kwanaki kaɗan cibiyar ta fitar da tsarin halittar ƙwayar, karo na farko a Afirka.

Ƙarshen 2020 ne aikin ya nuna ainihin amfaninsa. Birtaniya ta sanar da nau'in da daga baya aka kira Alfa ranar 14 ga Disamba, bayan an lura cutar na ƙaruwa a yankin Kent duk da kullen da aka yi. Kwana huɗu tsakani Afirka ta Kudu ta sanar da Beta, wanda tawagar Tulio de Oliveira a Durban ta gano bayan likitoci sun koka cewa asibitocin lardin Gabashin Cape sun sake cika. Delta ta biyo baya daga Indiya. Sunayen haruffan Girka kuwa sai a Mayun 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kawo su, don a daina laƙaba wa ƙasashe sunan cuta.

Abin da ya ɗaure wa masana kai shi ne waɗannan nau'o'i ba su zo da sauyi ɗaya-ɗaya ba, tarin sauye-sauye suka kwaso lokaci guda. A gadon asibiti aka samo bakin zaren. A Cambridge likitoci sun riƙa ɗaukar samfur daga wani dattijo mai ciwon daji har sama da kwana 100, suna kallon ƙwayar na sauyawa duk sanda aka ƙara masa ruwan jinin waɗanda suka warke. A Afirka ta Kudu wata mata mai ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki, wadda magungunanta suka daina aiki, ta riƙe korona kwana 216, ƙwayar na ta tara sauye-sauye. Sai da aka canza mata magani garkuwarta ta farfaɗo sannan jikinta ya kawar da cutar. Masana da yawa na ganin ta irin wannan hanya Alfa da Omikron, nau'in da ya zo daga baya, suka samu. A ganina wannan ne sashe mafi muhimmanci a labarin, kuma shi aka fi mantawa: majinyacin da aka bari ba kulawa, wahalarsa ba a kansa kaɗai take tsayawa ba.

Sai Nuwamban 2021. Sikhulile Moyo a Gaborone ta ƙasar Botswana da masanan Afirka ta Kudu suka ga wata ƙwaya mai sauyi sama da 30 a ƙayar da take maƙale wa jikin mutum da ita. Ba su ɓoye ba. Ranar 24 ga wata aka kai rahoto Hukumar Lafiya ta Duniya, ranar 26 aka raɗa mata suna Omikron. Tukwicin da suka samu shi ne rufe musu ƙofa: ƙasashen Turai da Amurka suka dakatar da matafiya daga kudancin Afirka, Birtaniya ta saka Najeriya ma cikin jerin ƙasashen da ta dakatar da matafiyansu ranar 6 ga Disamba, ta soke jerin baki ɗaya ranar 15. Daga baya Holan ta gano Omikron a samfuran da ta ɗauka tun kafin sanarwar. Wannan rashin adalci ne, kuma ganganci ne, domin duk ministan lafiyar da ya ga abin da ya faru zai yi tunani sau biyu kafin ya bar masanansa su buɗe baki.

Duk da haka Afirka ta tara tsarin halittar korona sama da 100,000 zuwa 2022, abin da ba wanda ya zata a farkon annobar. Amma da ƙura ta lafa sai kuɗi suka janye, gwaji ya ragu. A Janairun 2023 shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya, Tedros Ghebreyesus, ya ce yawan bayanan da ƙasashe ke aikowa ya faɗi da sama da kashi 90 cikin 100 tun ganiyar Omikron. A Agustan shekarar aka tsinci wani sabon nau'i, BA.2.86, cikin samfura ƙalilan a Denmark da Isra'ila, shi ma ɗauke da tarin sauye-sauye. Ɗansa JN.1 ya mamaye duniya a farkon 2024, kuma har yau ba a san a wane gari ko jikin wane majinyaci ya fara ba.