Gadar Neja Ta Biyu

Gadar Neja ta biyu gadar mota ce da ta ratsa kogin Neja ta haɗa Asaba a jihar Delta da Onitsha a jihar Anambra. Tsawonta wajen kilomita 1.6 ne, in aka haɗa da hanyoyin shiga da fita kuma aikin ya doshi kilomita 12, layi shida ne, uku tafiya uku dawowa.

Tsohuwar gadar wurin kamfanin Dumez na Faransa ne ya gama ta a 1965, ta ƙarfe ce, har ta lalace lokacin yaƙin basasa aka gyara, to ita kaɗai ta riƙa ɗaukar tireloli da tankoki da manyan bas shekara da shekaru, lokacin Kirsimeti kuwa mutum sai ya wuni a go-slow bai tsallaka ba. Jonathan ne ya aza harsashin sabuwar a Maris 2014, amma aiki gadan-gadan sai 2018 a zamanin Buhari, kamfanin Julius Berger ne ya yi ginin, kuɗin kuma ta asusun manyan ayyuka na shugaban ƙasa da NSIA, hukumar zuba jari ta ƙasa, ke kula da shi.

Gaskiya wahalar aikin nan a ƙasa take inda ido baya gani. Gaɓar kogin duk fadama ce da laka, ka ɗora titi a kai haka nan nutsewa zai yi, dole aka yaso yashi daga kogi aka cike wurin, aka soka magudanai a tsaye cikin lakar don ruwa ya tsiyaye ƙasa ta zauna tukuna kafin a zuba kwalta. Cikin kogin kuma turaku aka kafa can ƙasa sosai aka ɗora ginshiƙan kankare, ga ruwa in damina ta yi yana hawa mita da dama, ma'aikata na aiki daga kan jiragen ruwa.

A tsakiya akwai tazara uku, kowacce mita 150, saboda jirage su wuce. Nan daga kan ginshiƙi ake fara zubi, a ƙara yanki dama a ƙara hagu daidai wa daida don kar nauyi ya rinjaya, har hannun wannan ginshiƙi da na wancan su haɗu a sama.

An buɗe ta na wucin gadi a Disamba 2022, aka ƙaddamar da ita ranar 23 ga Mayu 2023, aka sa mata sunan Muhammadu Buhari.