"Ba netwok": me ma'aikacin gwamnati yake nufi idan ya faɗa maka haka?

Kwanakin baya na je wani ofishin rajista, na tarar da wani dattijo zaune kan benci, takardunsa a cikin baƙar leda, ya taso daga ƙauyensu tun bayan sallar asuba. Wajen ƙarfe sha ɗaya layi ya zo kansa. Yarinyar da ke gaban kwamfuta ta danna, ta jira, ta sake dannawa, sannan ta ɗago kai ta ce, "Baba, ku yi haƙuri, ba netwok." Tsohon ya laluba aljihu, ya ciro 'yar ƙaramar wayarsa, ya ƙura mata ido, ya miƙa mata. "'Yata, to ga shi nan a cike, sanda huɗu." Aka bushe da dariya. Ni kuwa ban ga abin dariya ba, domin tambayarsa tana kan hanya. Kalma ɗaya suke faɗa, amma kowa da abin da yake nufi.

Netwok ɗin da Baba ya nuna shi ne sabis ɗin da ke tsakanin wayarsa da ƙarfen sabis na unguwa. Wanda yarinyar take nufi kuwa doguwar hanya ce da ta taso daga teburinta har zuwa wata na'ura da ke ajiye a wani gari, galibi Abuja. Ita wannan na'ura ita ake kira saba (ba ta da dangantaka da sabo, sunan ne kawai ya zo ɗaya). Babbar kwamfuta ce da ba ta barci, aikinta ta karɓi tambaya ta ba da amsa. 'Yan'uwanmu na Nijar cewa suke yi "ba rezo", kuma ciwon ɗaya ne.

Ka ɗauka ka aiki yaro gidan wani ya karɓo maka saƙo. Zai iya tararwa an kulle ƙofar gidanku, bai ko fita ba. Zai iya fita ya tarar ruwa ya cinye gada. Zai iya manta kwatance. Zai iya isa ya tarar maigidan yana kwance ba lafiya, ko kuma lafiyarsa ƙalau amma masu jiransa sun cika zaure har bakin titi. A kowane hali yaron zai dawo ya ce maka "ban samo ba". To haka "ba netwok" take. Cututtuka ne kusan biyar aka yi musu suna ɗaya, kuma maganin wannan ba ya yi wa waccan.

Ƙofar gida ita ce kwamfutar ofis da rautar da ke rarraba intanet. Gada ita ce layin da ya shigo ofishin daga waje. A ma'aikatu da hukumomin gwamnatin tarayya da yawa, wannan layi na kamfanin Galaxy Backbone ne, wanda gwamnati ta kafa a 2006 don ya haɗa ofisoshinta da intanet, ya kuma ajiye musu sabobinsu a cibiyar adana bayanai. Wasu ofisoshin kuma da modem ɗin kamfanonin waya suke aiki, wanda idan data ta ƙare sai an jira a sa hannu a takarda kafin a saya. Layukan nan yawancinsu wayar faiba ce, mai ɗaukar saƙo ta hanyar haske, da aka binne a gefen titi, kuma babu abin da ya fi tsinka ta kamar motar haƙa ta 'yan kwangilar hanya da masu satar waya. Wani lokaci ma gadar ba a ƙasa take karyewa ba. Ranar 14 ga Maris 2024 manyan wayoyin ƙarƙashin teku huɗu, wato WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace daura da gaɓar tekun Kodebuwa, bankuna da ofisoshi a Najeriya da Gana suka kwana biyu suna fama. A irin wannan rana ko ka zagi ma'aikaci har makogwaronka ya bushe, ba abin da zai iya.

Kwatance kuwa shi ne abin da masana ke kira DNS. Kwamfuta ba ta san suna ba, lamba ta sani. Idan ka rubuta adireshin da ya ƙare da .gov.ng, sai ta fara tambayar wata na'ura lambar wannan suna, kamar yadda kake neman sunan mutum a waya ita kuma ta buga lambarsa. Idan mai ba da kwatancen ya yi shiru, hanya lafiya, saba lafiya, amma ba za a isa ba.

Inda na fi so mai karatu ya tsaya shi ne kan lambobin da ke fitowa a allo, domin su ne bakin saba. Duk lokacin da ka ga lamba irin 404 ko 500 ko 503, to saƙonka ya isa, netwok ɗinka lafiya lau yake, daga can aka mayar maka da amsa. 404 na nufin ka isa gidan amma ɗakin da kake nema babu shi, ko an canza adireshi ko ka yi kuskuren harafi. 403 na nufin ɗakin yana nan amma ba a yarda ka shiga ba. 500 na nufin saba ta karɓi aikin ta rikice a tsakiya, laifin manhajar da ke cikinta ne. 503 cewa take yi ba za ta iya ba yanzu, ko aiki ya yi mata yawa ko ana gyara. 502 da 504 kuwa mai gadi ne yake gaya maka ya shiga ciki ya kira maigida, bai samu amsar kirki ba ko ya gaji da jira. A taƙaice, lambar da ta fara da 4 tana nuna ɓangarenka da yatsa, wadda ta fara da 5 tana nuna nasu.

Wannan ba zancen littafi ba ne kawai. A zaɓen 25 ga Fabrairu 2023, lokacin da sakamakon zaɓen shugaban ƙasa ya ƙi hawa IReV, shafin da INEC ke ɗora sakamakon rumfunan zaɓe, a kan lokaci, bayanin da INEC ta bayar a rahotonta shi ne saba ta riƙa mayar da kuskure mai lamba 500 saboda tangarɗa a yadda aka saita manhajar. Ko mutum ya gamsu da bayanin ko bai gamsu ba, wannan wani zance ne daban, amma ka ga lamba uku ta shiga tarihin siyasa. Akwai kuma wadda ta fi wannan haɗari, wato saba ta yi aiki ba tare da ta nuna alamar ciwo ba, alhali aikin banza take yi. A watan Mayu 2025 shugaban JAMB, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito ya amsa cewa an samu kuskure da ya shafi ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157 na Legas da Kudu maso Gabas, saboda gyaran manhaja da bai hau wasu sabobi yadda ya kamata ba. Yaran sun rubuta jarrabawa, sai da sakamako ya fito aka ga ɓarna, aka sake musu jarrabawar.

To yaya ake gano wace cuta ce? Gwanin gyara ba ya fara kwance na'ura. Tambaya yake fara yi, kamar mai magani: kai kaɗai ne ko kowa? Idan kwamfutar teburin kusa tana aiki, ciwon na teburinka ne. Shafi ɗaya ne ya ƙi buɗewa ko duka? Idan Google ya buɗe amma shafin hukumar ya ƙi, layin ofis ba shi da laifi. Sai ya gwada shafin da datar wayarsa. Ya buɗe a waya ya ƙi a ofis, matsalar tana cikin ofis ko layinsa. Ya ƙi a duka biyun, sai a kira Abuja. Daga nan ya leƙa fitilun rauta. A akwatin faiba akwai 'yar fitila da aka rubuta LOS a ƙarƙashinta, idan ta yi ja to haske ba ya isowa, waya ta tsinke ko ta lanƙwashe a wani wuri. Sannan ya buɗe baƙin allon da ake rubuta wa kwamfuta umarni ya rubuta ping 8.8.8.8, wato ya ƙwanƙwasa ƙofar wata na'urar Google da lambarta kai tsaye. Idan ta amsa amma sunayen shafuka sun ƙi, ya kama ɓarawo, DNS ne.

Akwai wata 'yar ƙaramar cuta da ke yawan kama tsofaffin kwamfutocin ofis, ta wahalar da mutane a banza. A cikin kwamfuta akwai ɗan batir kamar kwabo da ke riƙe agogo. Idan ya mutu, duk lokacin da aka ɗauke wuta sai kwanan wata ya koma shekarun baya. Shafukan da ke da tsaro suna da takardar shaida mai ranar farawa da ranar ƙarewa, to kwamfutar da ke zaton tana 2009 ba za ta yarda da shaidar bana ba, sai burauza, wato manhajar buɗe shafuka, ta jefo gargaɗi. Ma'aikaci ya ga rubutu ja ya ce ba netwok. Gyaran agogo ne na minti ɗaya. Haka nan "kashe ka kunna" da ake yi wa dariya ba camfi ba ne, yana sa rauta ta zubar da abin da ya cushe mata ta sake neman adireshi.

Idan abu ya fi ƙarfin ofis, sai a buɗe tikiti. Ba na mota ba, lamba ce da teburin karɓar ƙorafi ke ba wa kowace matsala don a bi sawunta daga mai amsa waya zuwa injiniya. Ƙorafin da ba shi da lamba tamkar bashi ne ba shaida. Idan za ka kai ƙara, kada ka rubuta "ba ya yi" ka tsaya. Faɗi adireshin shafin, da ƙarfe nawa, da abin da ka danna, ka haɗa da hoton allo mai nuna lambar kuskuren. Kada ka taɓa ba wa kowa kalmar sirrinka ko lambar da aka turo maka ta waya, ma'aikacin gaskiya ba ya tambayarsu. In kuwa kuɗi ka biya ta Remita shafin ya tsaya bayan an cire, kada ka yi gaggawar sake biya. Riƙe lambar biya da Remita ta ba ka, wato RRR, mai alƙaluma 12, da ita ake duba ko kuɗin ya shiga. Layin 622 na hukumar sadarwa ta NCC kuma na ƙorafi ne a kan kamfanonin waya, ba shi ke gyara shafin ma'aikata ba.

Gaskiya ɗaya ce, wani lokaci "ba netwok" mayafi ne. Man janareta ya ƙare, ba a biya kuɗin intanet ba, mai riƙe da kalmar sirri ya tafi ɗaurin aure, ko ana so ka gaji ka nemi wanda zai "taimaka". Shi ya sa idan wani a bakin ƙofa ya ce kawo na goro a yi maka yanzu, sai ka tambayi kanka ta wace hanya, tunda an ce saba ta faɗi. Ba sai ka yi faɗa ba. Cikin ladabi ka ce, "Malama, don Allah me ya rubuto a allon?" Idan 503 ce, je ka sha ruwa ka dawo da yamma ko gobe da sassafe kafin jama'a su yi mata rubdugu.

Ranar da nake ba ku labari, wani ɗan bautar ƙasa ne ya tashi ya zagaya ɗakin baya. Ashe da aka ɗauke wuta aka tada janareta, soket ɗin da rautar take ciki ba ya kan layin janareta. Ya jawo wata doguwar waya ya sauya mata mazauni, fitilu suka dawo kore ɗaya bayan ɗaya. Lokacin Baba ya fita neman masallaci, sai da aka tura yaro ya kirawo shi.