Hauhawa da faɗuwar hannayen jarin intanet a Amurka (1995–2002)

Tsakanin 1995 da 2000 farashin hannayen jarin kamfanonin intanet a Amurka ya yi tashin gwauron zabo, sannan ya rushe cikin shekara biyu da rabi. Ma'aunin kasuwar Nasdaq, inda akasarinsu ke da rajista, ya kai 5,048 ranar 10 ga Maris 2000. Zuwa 9 ga Oktoba 2002 ya dawo 1,114, wato ya zubar da kusan kashi 78 cikin ɗari, kuma bai sake taka wancan matsayi ba sai 2015.

Galibi ana ɗaukar shigar Netscape, kamfanin manhajar lilo a intanet, kasuwar hannun jari a Agusta 1995 a matsayin mafari: hannun jarin da aka yanka wa dala 28 ya rufe ranar farko a 58. A Disamba 1999 na kamfanin kwamfuta VA Linux ya tashi daga dala 30 zuwa 239 cikin wuni ɗaya. Yawancin kamfanonin ba su taɓa cin riba ba, sai aka koma kimanta su da yawan masu leƙa shafinsu.

Zumuɗin masu saye kaɗai bai isa ya bayyana abin ba, akwai ƙarancin haja. Sabon kamfani yakan fitar da ɗan kaso kaɗan ne, sauran na hannun waɗanda suka kafa shi da masu jarin farko, kuma yarjejeniya ta hana su sayarwa, yawanci har kwana 180. Kan wannan ɗan kason ne ƙananan masu zuba jari suka yi ca ta dillalan intanet irin su E*Trade, wasunsu a saya da safe a sayar kafin la'asar.

Wanda ke ganin farashi ya wuce kima yakan ari hannun jari daga dillali ya sayar, ya jira ya faɗi, ya saya da araha ya mayar. A hannayen jarin intanet abin aron ya yi wuya, kuɗin aron ya yi tsada, saboda haka ra'ayin masu shakka bai shiga cikin farashi ba. Misalin Palm ya nuna haka ƙarara. Ranar 2 ga Maris 2000 kamfanin 3Com ya sayar da kusan kashi 5 cikin ɗari na reshensa Palm, mai ƙera ƙananan kwamfutocin hannu, da alkawarin raba sauran ga masu hannun jarin 3Com, kusan hannun Palm ɗaya da rabi kan kowane hannun 3Com guda. Palm ya rufe a dala 95, abin da ke nufin kowane hannun 3Com na ɗauke da Palm na sama da dala 140. Amma a kan dala 82 aka sayar da hannun jarin 3Com ran nan. Lissafin a bayyane yake, masu iya cin moriyarsa ne suka rasa hannun Palm da za su ara su sayar.

Juyin ya zo ta fuska uku. Babban bankin Amurka ya ɗaga kuɗin ruwa sau shida daga Yuni 1999 zuwa Mayu 2000, daga kashi 4.75 zuwa 6.5. Wa'adin hana sayarwa na kamfanonin da suka shiga kasuwa a 1999 ya riƙa cika, na ciki suka fito da hajarsu. Na ukun shi ne bashi: doka ta yarda mai saye ya biya rabin kuɗi, dillali ya ranta masa rabi, amma idan rabonsa ya gaza kashi 25 cikin ɗari na darajar jarin, ko dai ya ciko ko dillali ya sayar ba da son ransa ba. Kowace sayarwar dole tana ƙara danne farashi, ta jawo wata. Ranar 14 ga Afrilu 2000 kaɗai Nasdaq ta faɗi fiye da kashi 9 cikin ɗari.

Kamfanonin da ke rayuwa da kuɗin sabbin masu jari su ne suka fara durƙushewa. Pets.com, mai sayar da kayan dabbobin gida ta intanet, ya shiga kasuwa a Fabrairu 2000 kan dala 11, ya rufe a Nuwamba. Amazon ya tsira, amma hannun jarinsa ya sauko daga sama da dala 100 a ƙarshen 1999 zuwa kusan dala 6 a 2001.