Gotu kola: abin da yake yi wa fata, da ƙarin gishirin 'yan talla

Masu sayar da kayan gyaran jiki a Katsina sun cika WhatsApp da kwalaben da aka rubuta wa Centella ko Cica, galibinsu daga Koriya ta Kudu. A wasu shagunan Islamic kemis kuma akwai ƙwayoyi da garin shayi masu sunan gotu kola. Duk tsiro ɗaya ne, kuma tambayoyi a kansa sun yi yawa.

Shin ɗan uwan goro ne?

Ko kusa, duk da cewa kola ake kiran goro da Turanci. Sunan daga Siri Lanka ya fito, kuma babu sinadarin nan na goro mai hana barci a cikinsa. In ma an sha da yawa, kasala yake saukarwa. Danginsu ɗaya da karas. Ciyawa ce mai yaɗo, ganyenta ƙanana masu siffar ƙoda, duk gaɓar da ta taɓa ƙasa sai ta yi saiwa. Tana son damshi, shi ya sa ta fi yawa a gefen gonakin shinkafa da bakin rafi a Indiya, Indunusiya, Sin da Madagaska. A can abinci ce tun kafin ta shiga kwalba: mutanen Siri Lanka kan yayyanka ta su haɗa da kwakwa, albasa da lemon tsami, kamar dai kwaɗon zogalenmu, a Biyetnam kuma markaɗa ta ake yi a sha da sukari.

Me ke cikinsa da har masu magani suka damu da shi?

Sinadarai huɗu ne suka fi suna, biyu daga ciki za a gan su a jikin kwalba: asiaticoside da madecassoside. Aikinsu shi ne zaburar da fata ta ƙara samar da kolajin, wato zaren naman da ke ɗinke rauni, tare da rage kumburi da ja. Tun shekarun 1940 masu bincike Faransawa suka ware na farkon a Madagaska, inda ake amfani da ganyen kan gyambon kuturta. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta sa shi cikin kundinta na tsirran magani a 1999. Amma mai kuturta a yau asibiti zai nufa, maganinta na nan kyauta kuma yana warkarwa.

To, yana goge tabo da nankarwa?

Nan ne ya fi cancantar yabo, amma da iyaka. Ƙaramin yanka, ƙujewa, ƙunar da ba ta yi zurfi ba, fuskar da ƙuraje suka bari tana ja da zafi: a irin waɗannan man da ke ɗauke da shi yana taimaka wa fata ta haɗe da wuri. Lokacin hunturu, da iska ke busar da fuska har ta yi furu-furu tana raɗaɗi, yana kwantar da ita, ko da yake faso da kaushin diddige man kaɗanya ya fi shi iya musu, ga araha.

Tsohon tabo kuwa, wanda ya shekara ya zauna, ko wanda ya tasa ya yi tudu, ba ya ɓacewa da shafe-shafe. Nankarwa ma haka. An taɓa gwada wani mai da aka haɗa shi da bitamin E a kan masu juna biyu, aka ga ya rage fitowarta ga wasu, sai dai da aka tattara gwaje-gwajen daga baya hujjar ba ta yi ƙarfi ba. Wadda ta riga ta fito ta yi fari, duk wadda ta ce miki za ta goge ta cikin mako biyu, kuɗinki take so. Sannan gyambon mai ciwon suga, ko raunin da ke ruwa yana wari, ba na kwalbar kwalliya ba ne.

Yana sa fata haske?

A'a. In kika shafa man da aka ce na Centella ne, cikin kwana goma kika ga kin yi fari tas, to an cakuɗa masa wani abu, galibi sinadaran bilicin masu cinye fata har jijiyoyi su bayyana. An fi samun wannan a haɗe-haɗen da ake durawa a roba babu suna, babu lambar NAFDAC. Abin dariyar shi ne wadda bilicin ya riga ya ƙona wa kumatu, ita ce gotu kola na gaskiya zai ɗan amfana, in ta daina shafa wancan.

Gaskiya ne yana ƙara ƙwaƙwalwa? Zan iya ba yarona mai hadda?

A maganin gargajiyar Indiya an daɗe ana ba shi wannan matsayi, har akan rikita shi da wani tsiron daban, domin duka biyun brahmi ake kiransu a can. Amma a 2017 da aka tattara gwaje-gwajen da aka yi kan mutane, ba a ga ya fi ƙwayar bogi, wato wadda babu magani a cikinta, gyara tunani ko riƙe karatu ba. Ni dai ba zan ba yaro ba.

Kumburin ƙafa fa?

Akwai ƙananan gwaje-gwaje da suka nuna yana rage nauyi da kumburi ga masu raunin jijiyoyin jinin ƙafa, irin na masu wuni a tsaye. Matsalar ita ce ciwon zuciya, ƙoda da hawan jinin mai ciki duk suna kumbura ƙafa. Sai likita ya tantance tukuna.

Wace illa gare shi?

Shafawa ba ta cika damuwa ba, illa wasu kan yi ƙaiƙayi da borin jini. A ɗiga kaɗan a cikin gwiwar hannu, a jira kwana biyu kafin a kai fuska. Sha shi ne abin tsoro. A 2005 likitoci a Ajantina sun ba da rahoton mata uku da hantarsu ta kumbura, idonsu ya yi ɗorawa, bayan shan ƙwayoyinsa, suka samu sauƙi da suka daina. A ƙasarmu da mutane da yawa ke ɗauke da ciwon hanta nau'in B ba su sani ba, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Mai ciwon hanta, mai ciki, mai shayarwa, da mai shan maganin barci ko na farfaɗiya su bar shi. Wanda ya sha ya ga fitsarinsa ya yi duhu ko idonsa ya sauya, ya tsaya nan take ya je a duba shi.

Zai yi a ƙasar Katsina in an shuka?

A fili, ƙarƙashin ranar bazara, ba zai kai labari ba. A tukunya ko tsohon baho cikin inuwa, ana ba shi ruwa safe da yamma, yana kamawa daga ɗan reshe mai saiwa. Kada dai a ba shi ruwan kwata, domin yana zuƙar dalma da sauran dafin ƙarfe daga ƙasa ya tara a ganye. Haka kuma kar a tsinko duk wani zagayayyen ganye a fadamar Ajiwa ko Jibiya a ce shi ne, akwai ciyayi masu kama da shi sosai.